Bakan Bahago

A zamanin Sarki Tunau, birnin Kandaya ba shi da dawakan a zo a gani, ba shi da babbar kasuwar da fatake za su yi ɗokin sauka. Abu ɗaya gare shi, baka. Amma fa baka ne! Maharbin Kandaya yana tsaye kan ganuwa zai sauke mahayi daga nisan da mahayin yake ganin ko kira ba zai iso shi ba. Kuma duk wani baka na kirki a birnin daga hannun mutum ɗaya ya fito, Sarkin Baka Arzika, wani dogon tsoho mai tsadar magana, wanda tafin hannunsa ya yi kanta saboda riƙon gizago.

Yamma da Kandaya, ƙetaren kogi, akwai ƙasar Tsirgau, su kuma masu dawakai ne. An daɗe ana gwabzawa tsakanin biranen nan biyu, har wata shekara Tsirgau ta yi rinjaye a bakin kogi, aka zauna sulhu. Tsohon Sarkin Tsirgau mutum ne mai wayon tsiya. Da aka ce ya zaɓi ɗan amana, wato wanda zai tafi da shi ya riƙe don kada Kandaya ta warware alkawari, bai nemi ɗan sarki ba. Cewa ya yi a ba shi ɗan Sarkin Baka. Ya san inda ƙarfin birnin yake, can ya kai hannu. Haka aka ɗora Barmo a bayan doki, yaro bahago da ko bakan manya bai fara ja ba. Uwarsa Yada ta bi su da kuka har bakin ruwa. Arzika kuwa ko ƙofar gida bai fito ba.

Kada wani ya ce rashin so ne. Barmo ɗan fari ne, mutanen Kandaya kuwa suna da kunyar ɗan fari mai tsanani. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban jama'a. Saboda haka Arzika ya haɗiye abinsa. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, har aka daina ƙirge. Yada ta rasu da begen ɗanta, gidan ya koma na mutum ɗaya. Abin da kawai Arzika ya yi shi ne, a kakar da aka tafi da yaron, ya shiga daji ya saro wani miƙaƙƙen reshen dargaza marar gaɓa, ya ɓare shi, ya soke shi a rufin ɗakin aikinsa inda hayaƙi yake ratsa shi. Itacen bakan girman Barmo ke nan, wanda kowane uba a Kandaya yake yi wa ɗansa in ya isa. In ya ga ba kowa, sai ya sauko da shi, ya damƙe shi da hannun dama yadda bahago yake riƙon baka, ya ja iska da hagu, ya daɗe a haka yana tunanin ko yaron ya kai kafaɗarsa yanzu. Ya yi kewar ɗan nan kewar da ta hana shi jin daɗin abinci.

Ana nan sai tsohon Sarkin Tsirgau ya rasu, aka naɗa ɗansa Wari. Bai daɗe a kan gado ba ya aiko manzo. Aka buga tambari, manyan Kandaya suka hallara a fada, Galadima a dama, Kaura shugaban mayaƙa a hagu, Arzika a kan buzunsa can kusa da ƙofa. Manzon ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ɗan'uwanka Wari Mai Tsirgau yana gaishe ka. Ya ce gabar iyaye ta bi iyaye kabari. Ya ce riƙon ɗan amana ya ishe shi haka. A yi masa baka ɗaya daga hannun Sarkin Baka shi da kansa, ya riƙe shi a gaban jama'arsa alamar zumunci, shi kuma ya sako muku ɗanku. Ga igiyar da aka auna tsawon bakan da yake so da ita."

Arzika ya dubi igiyar. Ya sunkuyar da kai yana kallon gashin buzu kamar ba da shi ake ba.

Kaura ne ya fara magana, ƙato mai tabon takobi a goshi, wanda har yau kashin da aka sha a bakin kogi yake ci masa rai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaro ne ya hau gado, bai gama sanin ɗakunan gidan ubansa ba. Yau ne ranar da muke jira. Mu kai masa baka? Mu kai masa dai, amma a ɗane, da kibau a bayansa! In muka ba shi bakanmu da hannunmu, gobe ya tara masassaƙansa su kwaikwaya, da me za mu tsare ganuwa?"

Galadima, tsoho mai sanyin murya, ya gyara rawani ya ce, "Zaki, Kaura ya faɗi ta mayaƙa, a ba ni in faɗi ta talakawa. Gonakin bakin kogi sun daɗe ba a nome su ba don tsoro. Baka ɗaya ba ya koya wa kowa sassaƙa, in da yana koyarwa da waɗanda suka kwashe a fagen fama sun koya musu tuni. Kuma jiya da hantsi kowa ya ga zumar da ke cikin kukar ƙofar yamma ta tashi ta nufi kogi. Zaƙi ne yake neman hanya tsakaninmu da su."

Kaura ya yi dariya ya ce, "Galadima ya ga zaƙi, ni harbi na gani. Runduna ce ta tashi ta nuna mana hanya."

Aka yi ta kai kawo, kowa yana jan zumar nan zuwa ɓangarensa, har Sarki Tunau ya ɗaga hannu. Ya dubi bakin ƙofa ya ce, "Sarkin Baka, kai ne ba ka ce komai ba, kuma maganar ta fi kusa da gidanka."

To me zai ce? Ya buɗe baki a gaban fada ya ce yana son ɗansa? Ai da ya zama abin faɗi a birni har jikoki. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni mai sassaƙa ne. In an ce a yi, akwai itacen da ya isa."

Sarki Tunau ya daɗe yana dubansa, don shi ma uba ne. Sa'an nan ya ce a yi.

Bakan sarki ba a yin sa da ɗanyen itace, ba a yin sa da na bara. Arzika ya duba rumbun itatuwansa kaf, ya ga babu wanda ya sha hayaƙi ya nuna irin na rufin ɗaki. Ya sauko da shi, ya shafa shi, ya ce a ransa, ai duk ɗaya ne, in bai zama bakan yaron ba, ya zama abin da zai kawo shi gida. Ya auna shi da igiyar Wari, ya yanke rarar. Ya kama shi da gizago, yana cire kaɗan kaɗan daga ciki, bayan kuwa ko ƙwarzane bai yi masa ba, don a bayan baka ƙarfinsa yake. Da gizago ya gama nasa sai ya koma kankara da wuƙa, daga tsakiya zuwa kunnuwa, yana sirantawa. Ya shafe shi da man kaɗanya, ya gasa shi bisa garwashi yana jujjuyawa har man ya shige, ya dafa shi a gwiwa ya lanƙwasa, ya ɗaga ya duba ko wani ɓangare ya fi wani taurin kai. In ya ga haka sai ya sake kankare wancan, ya sake gasawa. Kwanaki ya yi a kan wannan kaɗai, ba ya barin kowa ya shigo.

Hannunsa yana aiki, zuciyarsa tana ƙetaren kogi. Yana kankara yana tunanin yadda zai yi in yaron ya shigo zaure. Ba zai tashi ba, ba zai rungume shi ba, zai dai ce, "An iso?" Amma zai sa a gyara ɗakin uwarsa, a yi masa sabon daɓe. Ko yana cin yaji har yanzu? Ko muryarsa ta koma irin tasa? Cikin wannan tunani ya zo kan makama, inda masu bakan Kandaya suke fafe wani ɗan gurbi da babban yatsa zai kwanta, su yi wa kibiya 'yar hanya a gefe. Ya fafe gurbin, ya yi hanyar, ya naɗe wurin da jan fata. Ya murɗa tsirkiya da jijiyar ɓauna, ya ɗaura. Da ya ja ya saki sai bakan ya yi wani amo mai zurfi, Arzika ya san bai taɓa yin irinsa ba.

Ranar da aka kai shi fada, fadawa suka yi ta kabbara. Sarki ya duba daga nesa ya yaba. Aka miƙa wa Kaura, don shi ne mai duba makami. Kaura ya karɓa da hagu yadda kowa yake riƙon baka, sai ya ɗan tsaya. Ya mayar da shi hannun dama, ya dubi makamar, ya dubi Arzika, wani murmushi ya kuɓuce masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na janye maganata. Wannan shi ne bakan da ya dace da Wari. A naɗe shi yanzu, kada hannuwa su dusashe shi." Shi da kansa ya naɗe shi cikin farin saƙi, ya damƙa wa Jakadan Kandaya. Arzika har ya ji daɗin yabon, bawan Allah.

Sai da Jakada ya yi nisan da ko doki ba zai cim masa ba, sa'an nan abin ya fito. Arzika ya ɗauko wani baka na 'yan ganuwa zai gyara makamarsa, ya kai wuƙa, ya ga hannunsa ya nufi gefen da ba shi ba. Ya tsaya. Ya dubi wuƙar, ya dubi itacen. Wayyo Allah! Bakan Wari ma a can ya fafe shi. Bakan bahago ya yi. Shekarun da ya yi yana damƙar itacen nan da hannun dama su ne suka ja wuƙarsa, shi bai sani ba. A ƙasashen nan kuwa ko ƙoƙon ruwa ka miƙa wa mutum da hagu ka zage shi, balle ka aika wa sarki bakan hagu ya ɗaga a gaban jama'arsa. Ya tuna murmushin Kaura, ya zauna daɓas a kan ɓawon itace.

Jakada ya dawo a wahalce, babu doki, babu rawani. Aka sake buga tambari. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Zaki, na kawo mugun labari. Wari ya tara ƙasarsa kaf a ƙofar fada. Ya warware saƙin da hannunsa, ya ɗaga bakan, yatsansa ya nemi wuri ya rasa, kibiya ta zame ta faɗi a gaban ƙafarsa. Wani tsohon maharbi ya ce, ai wannan na hagu ne. Jama'a suka ɗauki maganar suna dariya. Wari ya ce, na miƙa wa Kandaya dama ta miƙo mini hagu. Ya ce in faɗa maka yana tafe, kuma zai kawo ɗan amanarku har ƙofa, amma ba yadda kuka so ba. A gabana aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa."

Galadima ya juya ya ce, "Kaura, kai ne ka duba bakan nan kafin a naɗe shi. Ba ka ga komai ba?"

Kaura ya ce, "Ni mayaƙi ne, Galadima, ba masassaƙi ba. A tambayi mai gizago." Ya faɗa yana gyara ɗamarar takobinsa, ko ɓoye farin cikinsa bai iya yi ba.

Sarki Tunau ya ce, "Sarkin Baka, ganganci ne ko kuskure?"

Arzika ya ce, "Hannuna ne, ranka ya daɗe." Bayanin da ya rage ba na faɗi a fada ba ne.

Sarki ya ce, "Hukuncinka yana nan. Yanzu dai ina bukatar 'yan baka a kan ganuwa, kuma ba su san muryar kowa ba sai taka."

Rundunar Tsirgau ta ƙetare kogi da hantsi, ta cika fadamar da ke yamma da birni, masu lifidi a gaba, dakaru a baya, kuge yana kaɗawa. Arzika ya jera maharbansa a kan ganuwa, kowa da kwarinsa cike da kibau masu dafi. Dabarar da aka tsara ita ce a bar su su matso, 'yan baka su yi musu ruwan kibau, sa'an nan Kaura ya fita ya share saura. Amma Kaura bai iya jira ba. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙishin ranar nan! Ya sa aka buɗe ƙofar yamma, ya fita da 'yan dawakan da Kandaya take da su, yana kirari. Wari ya bar shi ya shigo fadama sosai, sai ya rufe shi ta dama da hagu. Ƙarar takubba ta tashi, dawakai suna faɗuwa cikin laka. Daga ganuwa ana jin mutanen Kaura suna kiran 'yan baka su kawo ɗauki.

Maharba suka ɗana kibau, suka zuba wa Arzika ido. A daidai nan ne sahun dakarun Tsirgau ya buɗe, aka turo wani mutum gaba, tsakanin ganuwa da masu faɗa, daidai inda kibau za su sauka. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, da gemu, ƙafafunsa cikin mari. An riƙa masa baka mai jar makama, yana riƙe da shi a hannun dama. Sankiran Wari ya ɗaga murya ya ce, "Mutanen Kandaya! Ga mai bakanku mun kawo muku. Ku harba mana!"

Arzika ya dafa ganuwa, ya gane Barmo ne. Ashe ya fi shi tsawo. Ashe tsayuwar uwarsa gare shi, kai a ɗan karkace. Shekara da shekaru yana roƙon Allah ya nuna masa ɗan nan ko daga nesa, to ga shi an nuna masa. Ya kasa ɗauke ido. Babban maharbinsa ya ce, "Sarkin Baka, ana kashe mutanenmu, mu saki?" Ya sake tambaya. Hannun tsohon da ya kamata ya ɗaga ya sauke yana nan manne da ganuwa. Kafin a yi haka an kayar da Kaura daga kan doki, aka ja shi a laka, sauran mahayan da suka tsira suka sheƙo ƙofa a warwatse.

Sarki Tunau yana soron ƙofa yana kallo. Arzika ya sauko ya faɗi gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na jawo, kuma ni na hana a harba. Ka ba ni izini in fita in yi magana da Wari. In ya kashe ni, ya rage maka aiki."

Sarki ya dubi fadama, ya ga abin da ya rage na dawakansa. Ya ce, "Je ka. Duk abin da ya nema ka ba shi, in dai ba ganuwar nan ba ce."

Arzika ya tuɓe hularsa, ya kwance tsirkiyar bakansa, ya ɗaga shi sama da hannu biyu, ya fita shi kaɗai. Dakarun Tsirgau suka ba shi hanya. Ya wuce ta nesa da Barmo bai juya ba. Ya iske Wari zaune ƙarƙashin wata tsamiya, saurayi ne siriri mai kaifin ido. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

Wari ya ce, "Kai ne tsohon da ya zage ni da itace?"

Arzika ya ce, "Allah ya ja zamaninka, Kandaya ba ta zage ka ba, Sarki Tunau bai sani ba. Itacen na wani ne tun asali. Na daɗe ina ajiye da shi, hannuna ya saba da mai shi, ya yi masa aiki ban sani ba."

Wari ya ce, "Wane ne mai shi?"

Arzika ya ce, "Wancan da ke tsaye."

Wari ya dubi fadawansa ya ce, "Kun ji mutanen Kandaya. Ana shirin yanka masa ɗa, amma sunansa ya gagare shi." Ya juyo ya ce, "Na yarda ba ganganci ba ne, tsoho. Amma an yi mini dariya a ƙofar gidan ubana. Ba zan koma da hannu wofi ba. Birninku ba zan iya hawansa ba sai na zubar da rabin mutanena, na sani. To me za ka ba ni a madadin wuyan ɗanka?"

Arzika ya ajiye bakansa a ƙasa, ya miƙa hannuwansa biyu ya ce, "Waɗannan. Ubanka ya riƙe ɗan don ya ɗaure hannun uban. Ga hannun kansa ya zo. Ka tafi da ni in yi maka baka har in mutu, shi ka sake shi ya koma gida."

Fadawan Tsirgau suka dubi juna. Wannan shi ne abin da tsohon sarkinsu ya mutu yana so bai samu ba. Wari ya yi murmushi ya ce, "Na karɓa. Amma da sharaɗi. Kai ba za ka sake taka Kandaya ba, shi kuma ba zai sake ƙetare kogi ba, duk wanda ya saɓa a bakin ransa. Yadda ya zo mana shi kaɗai, haka zai koma shi kaɗai. Ka yarda?"

Arzika ya ce ya yarda, da sauri, don kada a sake shawara. Aka rantse a gaban rundunar, aka aika wa Sarki Tunau, shi ma ya amsa daga soron ƙofa, ba don yana so ba. Aka busa ƙaho, faɗa ya tsaya. Maharban kan ganuwa suka sauke bakunansu suna kallon mai yi musu su yana tsaye cikin abokan gaba, wasu har da hawaye, don sun san daga yau kibau masu nisa daga yamma za su riƙa zuwa.

Maƙeri ya cire marin. Dogarai biyu suka tasa Barmo zuwa ƙofar birni, hanyar kuwa ta gaban tsamiyar ta bi. Da ya iso kusa da Arzika sai ya zube ƙasa ya ce, "Baba." Muryar ta manya ce, kuma harshensa ya karkata irin na mutanen Tsirgau.

Duk maganar da Arzika ya tanada ta gudu. Ya ce, "An wahala."

Barmo ya ce, "Inna fa?"

Arzika ya ce, "Ta riga mu. Gidan yana nan, ba kowa a ciki. Gizagona yana rataye bayan ƙofa. Ka shiga, naka ne." Ya ɗora hannu a kan ɗansa, abin da bai taɓa yi ba tun yaron yana goye, ya ji gashin da gumin a tafinsa. A ransa ya ce, alhamdu lillahi, ko yanzu aka ɗauki raina na gama.

Amma Barmo bai tashi ba. Ya ɗago ido ya dubi yamma, wajen kogi, ba wajen birni ba. Dogari ya taɓa shi da gindin mashi ya ce a tafi. Sai ya kama gefen rigar ubansa ya yi magana da sauri, ƙasa ƙasa.

Ya ce, "Baba, in kun isa, ka tambayi gidan da ke bayan marina. Matata tana can. Akwai yaro, bana ya fara tafiya, sunanka gare shi. Da safe yakan tsaya bakin zaure yana jirana. Ka ce masa..."

Bai ƙarasa ba suka ɗaga shi. Arzika ya buɗe baki ya juya wajen Wari, amma Wari ya riga ya hau doki, kuma rantsuwa ta riga ta fita daga bakin Arzika shi da kansa a gaban runduna biyu. Ya tsaya yana kallon ɗansa ana tura shi zuwa ƙofar Kandaya, yana tafiya yana waiwayen yamma, yana tafiya yana waiwaye, har aka shigar da shi aka mayar da ƙyaure.

Wani dogari ya kama hannun tsohon ya ce, "Mu je, Baba, kogi yana cika."